Wa Ya Riƙe Faifai Na Biyu?

A majalisarmu ta Karaye, inda mai shayi yake kafa teburinsa bayan sallar isha, akwai wata shari'a da ta haura shekara ashirin ba a yanke ta ba. Shari'ar faifai ce. Fim ɗin Terminator na biyu, wanda aka yi a 1991, ya iso mana ne a faifan CD guda biyu, A da B, saboda faifan bidiyo na wancan zamani ba ya cin abin da ya wuce minti tamanin, fim ɗin kuwa ya zarce awa biyu. Faifai A yana nan har gobe a cikin wata tsohuwar jaka. Faifai B kuwa wani ya ara ya nufi Rogo da shi, tun daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Duk daren da aka gama kukan tsadar taki, aka raba wa 'yan siyasa laifinsu, sai wani ya tono zancen, nan take kowa ya koma halinsa na asali.

Wanda yake fara karɓewa shi ne Na-riga-ka. Babu fim ɗin da bai gani ba, wani ma tun kafin a yi shi. Yakan rantse cewa a silimar Eldorado ta Kano ya kalli Star Wars a shekarar da ya fito, 1977, alhali in aka bi lissafin shekarunsa, a lokacin yana goye ne a bayan gyatumarsa. A zamanin gidan kallo shi ne mai zama a bencin gaba yana waiwaye: "Ku bar ganin ɗan sandan nan da kaki, ba mutum ba ne, yanzu zai narke." Kai ka biya kuɗin shiga, shi ya cinye maka fim. An taɓa yi masa tayin shayi da burodi kyauta in zai kama bakinsa har a tashi. Ya karɓa, ya cika baki da burodi, ya ci gaba da bayani da hannu.

Kusa da shi Tafinta yake zama. Turancinsa bai fi cikin cokali ba, amma bai taɓa barin Bature ya yi magana a banza ba. In masanin kimiyya ya share minti biyar yana bayanin yadda na'ura za ta mayar da mutum shekarun baya, Tafinta zai gyara murya ya ce, "Cewa ya yi a ba shi kuɗinsa ko ran mutum ya ɓaci." A wurinsa duk maganar da ke cikin fim ba ta wuce uku: bashi, mace, ko barazana. Shi ne ya raɗa wa Arnold Schwarzenegger suna Kwamanda tun daga fim ɗin Commando na 1985, sunan kuma ya bi shi ko'ina: Predator ya zama "Kwamanda da aljani", Terminator ya zama "Kwamanda ƙarfe". Daga baya na kalli wasu daga cikin finafinan nan da wanda ya ji Turanci sosai, kuma in faɗi gaskiya, na Tafinta sun fi daɗi. Da masu fassarar Algaita suka ɓullo a Kano suna sa wa Indiyawa Hausa a baki, sai kasuwarsa ta mutu. Har yau yana ganin sana'arsa aka sace, kotun da zai kai ƙara ce kawai bai samu ba.

Akwai kuma wani manomin rake daga wajen Rogo, mutum mai tsantseni, wanda muke kira Ban-yarda-ba. Ba wai komai yake ƙaryatawa ba, zaɓe yake yi, kuma zaɓensa ne abin mamaki. Ya yarda mutum-mutumin ƙarfe zai iya tasowa daga zamanin da bai zo ba, tsirara, ya shiga mashaya ya ƙwace tufafin mutane. Wannan bai dame shi ba. Abin da ya hana shi barci shi ne babur. "Yaya, tun da aka fara fim ɗin nan ka ga ya tsaya ya sha mai? A ina yake samu? Nawa lita?" Da aka nuna masa Jurassic Park na 1993, aka ce daga jinin da ke cikin sauron da ya daskare a ƙaro aka farfaɗo da waɗancan dodanni, sai ya yi shiru, ya kalli gabas da yamma, ya ce in dai sauro ne, to mutanen bakin dam ɗin Challawa su fara shirin hijira.

Abokin musunsa shi ne wanda ya mayar da komai gida. A ganinsa Turawa da Indiyawa ba su ƙirƙiri komai ba, namu suka ɗauka suka sa masa batir. Na'urar da Anil Kapoor yake ɗaurawa a hannu ya ɓace a Mr. India na 1987? Layar zana ce, illa dai tasu jan haske yana tona ta, tamu kuwa sai in ka karya sharaɗi. Ɗan sandan da harsashi yake ratsawa ya warke nan take? Ɗan tauri ne da ya sha ya ƙoshi. Dodon Predator da ke zaune a kan bishiya, ba a ganinsa sai ya ga dama, yana kwaikwayon muryar mutane? "Haba Malam, wannan ai kowa ya san shi, a tsamiya yake kwana." Har taɓon da Kwamanda ya shafe jikinsa da shi don kada dodon ya hango zafin jikinsa, cewa ya yi laƙani ne, an dai ɓoye mana abin da aka tofa a ciki.

Ɗan Indiya ba ya dogon musu. Fim ɗin da babu waƙa a ciki, a wurinsa, labaran ƙarfe tara ne. Ka ce masa E.T. na 1982, ya ce maka Jadoo na Koi... Mil Gaya, wanda tun 2003 yake caji da hasken rana, kafin kowa a Karaye ya ɗora sola a kan rufi. Ka ce masa RoboCop, ya ce Chitti na Rajinikanth ya yi fira da sauro, ya kuma nemi auren Aishwarya Rai. RoboCop wa ya taɓa nema?

Waɗannan duka masu kallo ne. Sai kuma ma'abota faifan kansa, a nan rigimar take.

Babbansu shi ne Likita. Da zarar hoto ya tsaya cak, fuskar akta ta farfashe gida-gida, ko na'ura ta yi ta juyi ta rubuto cewa babu faifai alhali da hannunka ka sa, sai a ce a kira shi. Yana da matakai kamar asibiti. Na farko huci da shafawa a gaban riga. In ya ƙi, yawu. In ya ƙi, makilin. In cutar ta yi tsanani, fetur daga tankin janareto. Faifan da ya warke, aikinsa ne. Wanda ya mutu, dama kwanansa ya ƙare. Tun zamanin kaset yake wannan aiki, lokacin da ake buɗe murfin bidiyo a goge kanta da farar takarda, yara sun kewaye shi suna leƙe kamar ana fiɗa.

Sai Alhaji Orijina, wanda Allah ya jarrabce shi da son abu na gaske. Wani ɗan'uwansa ya kawo masa tsarabar faifan DVD daga Amurka, cikin kwali mai sheƙi, da ɗan littafi a ciki. Ya tara mu a zaurensa, aka shimfiɗa tabarma, aka tayar da inji. Ya zaro faifan da yatsa biyu kamar ƙwai, ya sa a na'urarsa mai tsada, ita ma 'yar asali, wadda aka sayo a Landan. Na'ura ta yi tunani, ta turo shi waje. Ya sake sawa, ta sake turowa. Likita ya miƙe da makilin a hannu, Alhaji ya daka masa tsawa. A ƙarshe wani yaro ya ruga gida ya ɗauko faifan da ya saya a faranti ranar kasuwa, irin mai finafinai ashirin a ciki, da hoton Kwamanda an manna masa jikin wani. Nan take ya kama. Muka kalli fim har ƙarshe, da inuwar kan wani mutum da ya tashi fitsari a silimar da aka ɗauko shi. Alhaji bai ce uffan ba, amma tun daga ranar ba a ambaton kalmar orijina a gabansa.

Wanda ya warware mana wannan asiri shi ne Injiniya, mai gyaran rediyo da talabijin, wanda ba ya fara magana sai ya ce "a kimiyyance". Shi ya gaya mana cewa masu yin DVD sun yanka duniya gida shida, kowane yanki da lambarsa: Amurka ɗaya, Turai biyu, mu kuma Nijeriya aka jefa mu gida na biyar tare da Indiya da Rasha. Faifan gida ɗaya ba ya shiga na'urar gida biyu, ko da duka biyun halal ne. Na'urorin Sin masu arha da suka cika kasuwanninmu kuwa babu ruwansu da lamba, ko murfin tukunya ka sa musu sai sun gwada. Ya ce tun zamanin kaset akwai irin wannan kulle, sunansa Macrovision, wanda in ka haɗa bidiyo biyu kana kwafa, sai hoton ya riƙa haske yana duhu, yana haske yana duhu. Nan majalisa ta yi tsit, domin shekara da shekaru muna ganin haka muna zagin janareto, har an taɓa korar wani mai gyara a kan laifin da aka ƙulla a Amurka.

Injiniya yana da labarai biyu da ba ya gajiya da su. Ɗaya na wani yaro ne ɗan ƙasar Norway, Jon Johansen, mai shekara 15, wanda a 1999 shi da wasu suka fitar da manhajar da ta buɗe kullen DVD, aka gurfanar da shi, kotu ta wanke shi a 2003. Ɗaya kuma na 2002 ne, lokacin da aka gano cewa wani kullen da kamfanin Sony ya sa wa faifan waƙoƙi, ana karya shi da maka: ka zana layi a gefen faifai, shi ke nan. Duk sanda ya kawo wannan, Likita yakan gyara zama ya ce, "Ka ji ko? Su ma can shafe-shafen suke yi."

Ni dai abin da na lura shi ne, duk makullan nan babu wanda ya taɓa tare ɓarawo ko ɗaya a tsakanin Karaye da Rogo. Mutum ɗaya tak suka kama a garin nan, shi ne Alhaji, wanda aka biya wa kuɗi cif. Kullen da muka sani mu na gida ne: ka rubuta sunanka da maka a bayan faifai, ka ƙara da sunan unguwa, in kana da zafi ka sa "Allah ya isa". Shi ma bai hana komai ba. Na taɓa ganin faifai mai suna huɗu, kowa ya soke na gabansa, Allah ya isa uku a jere.

A ƙarshen benci akwai wani dattijo da ba ya dariya in an zo nan. Da can shi ne mai kawo mana kaya daga Ƙofar Wambai, inda kasuwar kaset da faifan finafinan Hausa take a lokacin, ya ɗauro kwali a bayan mota ya baza a rumfa. Ya ga zamanin Sangaya, ya ga lokacin da sabon fim ɗin marigayi Ibro ba ya kwana a faranti. Yakan ce hannun da ya kawo mana Kwamanda a araha, shi ne ya shaƙe 'yan fim ɗin Kano: su sha wahala su yi fim, kafin su mayar da kuɗinsu an buga na jabu, daga baya ma aka daina bugawa, sai turawa a waya. Gaskiya ya faɗa. Sai dai in aka tambaye shi ko nasa kwalin duka na halal ne, sai ya tuna bai yi shafa'i da wutiri ba.

Mai turin da ya gaje shi yaro ne da bai kai shekarun faifai A ba. Yana da kwamfuta a kan tebur da lema a kansa, yana cika wa mutane memori da finafinan Indiya-Hausa da shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina. Bai taɓa huci a kan faifai ba, bai san ana raba fim gida biyu ba. Wani dare ya gaji da jin shari'armu, ya zaro waya ya ce, "Baba, wai wannan fim ɗin ne? Ai ina da shi, har da fassara. Ku kunna Xender in tura muku, minti biyu ne, na yafe kuɗin."

Babu wanda ya taɓa aljihunsa. Na-riga-ka ya ce shi ai ya san ƙarshen, Kwamanda ne zai shiga narkakken ƙarfe yana ɗaga babban yatsa. Tafinta ya ce fassarar wasu ba ta shiga kunnensa. Likita ya tambaya ko wayar tana karcewa. Mai faifai A kuwa ya ajiye kofinsa, ya ce, "Yaro, wa ya ce maka fim muke nema? Faifaina nake nema." Ya juya a hankali ya dubi manomin rake na Rogo.

Ban-yarda-ba ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya ce dare ya yi kuma hanya ba kyau. Abin da bai taɓa yi ba, ranar ya biya wa kowa kuɗin shayi.