Minti ashirin a bakin ruwan Lamingo

Bahaushe yana tafiya don biki, yana tafiya don ta'aziyya, yana tafiya don fatauci, kai ko bashin naira dubu goma zai iya ƙetare jihohi uku ya biyo. Abin da har yau bai samu gurbi a tsarinsa ba shi ne a yi tattaki takanas don a zauna a zuba wa ruwa ido. Shi ya sa duk magidancin da ya ƙudurta zuwa Jos shan iska a ƙarshen mako, aikinsa na farko shi ne neman abin da zai faɗa a gida.

Wasu aminai biyu a Kano, ɗaya mai shago a Kantin Kwari, ɗaya malamin sakandare, sun gamu da wannan jarrabawa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke taɓa digiri 40, fanka kuma ta koma zugazugin maƙera. Malamin ne ya kawo shawara: su hau Filato, su kwana biyu, su zauna a bakin madatsar ruwa ta Lamingo da ke gindin duwatsun Shere, su kashe waya. Alhajin Kwari ya amince da komai ban da kashe wayar. Da ya sanar da uwargida, tambaya ɗaya ta yi masa: "Ruwan Tiga ƙafewa ya yi?" Kuma tana da hujja, don Tiga tana nan tun zamanin Audu Bako, ba ta ma da nisa da hanyar da za su bi. Nan take Alhaji ya tuna cewa wani abokin cinikinsa na Jos ya yi rashin kawu, ba a je gaisuwa ba. Rasuwar ta kai wata bakwai, amma wa zai hana Musulmi neman lada? Aka yi masa fatan sauka lafiya, aka miƙo masa takardar tsaraba mai shafi biyu.

Sai shirin sanyi. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, Kano kuwa ba ta kai 500 ba, to amma a kan Bakano wannan tazarar daidai take da ta Kano da Masko. Suka faɗa wa 'yan gwanjon Ƙofar Wambai, kowa ya fito da jibgegiyar rigar sanyi da hula mai rufe kunne, Alhaji har da safar hannu. Babu wanda ya tuna musu cewa sanyin da ake ba da labari na Disamba da Janairu ne. Sun sauka a Jos kamar an naɗe katifu biyu, yaron da ya buɗe musu ƙofar masauki kuwa singileti ce a jikinsa.

An yi alkawarin tashi bayan Asuba ranar Juma'a. An tashi bayan an sauko daga Juma'a, shi ma don kowa yana so a wuce Dajin Falgore da sauran rana. Daga Kwanar Ɗangora zuwa Saminaka Alhaji ya sayar da dila biyu ta atamfa ta waya, ya sasanta yaran shago, ya yi wa wani dillali rantsuwa sau huɗu.

Asabar ita ce ranar tafki, ko kuwa haka aka tsara. Amma tunda an ce ta'aziyya aka zo, dole a yi ta, kada maganar ta zama ƙarya tsagwaronta. Mai gidan ya yi murna ƙwarai, don shi kansa ya fara mantawa da kawun. Ya sa aka kawo waina da miyar taushe, sannan ya ɗauki waya ya shelanta wa duk wanda ya taɓa sayen yadi a Kwari cewa Alhaji yana gari. Daga Gangare aka wuce Unguwar Rogo, daga can aka leƙa wata gwaggo da aka ce za ta yi fushi idan ta ji labari a bakin wani. Kowane gida da kwanonsa, kuma ƙin ci raini ne. Malam, wanda ya taho da littafi zai karanta a bakin ruwa, sai ga shi da azahar yana riƙe da jaririn mutanen da bai san sunansu ba.

Bayan nan sai Farin Gada, kasuwar kayan gwari, saboda takardar uwargida ta haihu a WhatsApp. Buhun dankalin turawa na gida, rabin buhu na surukai, kabeji na maƙwabta, karas na ƙanwar Alhaji da ke aure a Hotoro, sai wani ɗan kwali na sitiroberi da autar gida ta gani a TikTok. Mutanen da suka gudo daga cinikin Kano suka shafe awa biyu suna taya dankali, Alhaji yana ta tafiya ana kiransa yana dawowa.

Wani direba da ya ji inda za su ya ce me zai kai su Lamingo, ga Rayfield nan mai kujeru da kwale-kwale. Tafkin na Rayfield, kamar ɗimbin kududdufan Filato, tsohon ramin haƙar kuza ne. A farkon ƙarnin da ya wuce Hausawa da yawa sun hau tudun nan ne don wannan aiki, suna ɗaukar ƙasa a ka ana biyansu kwabbai. Yau jikokinsu ne ke biyan kuɗin shiga don su zauna a bakin ramin su sha lemo. Malam ya dage sai Lamingo, ya ce shi duwatsu ya zo gani.

Sun isa ƙarfe biyar da rabi. Wurin kam ya cancanci wahalar: ruwa kwance luf, ɗaya daga cikin madatsun da ke shayar da garin, duwatsu sun ɗora juna kamar da hannu aka jera su, can sama kuma ƙololuwar Shere wadda ta haura mita 1,800. A waɗannan duwatsun ne ake horar da matasa hawan tsauni da juriya. Malam ya ce ko za su ɗan taɓa hawa. Alhaji, wanda aka haifa yana hango Dala ta tagar ɗakin mahaifiyarsa bai kuma taɓa hawanta ba, ya ce, "Haba Malam, ai dutse daga ƙasa ya fi kyan gani." Batun taɓa ruwan ma bai taso ba. Babu wanda ya iya iyo a cikinsu, ga magariba ta gabato, kuma kowa ya san masu ruwa ba sa son baƙi a irin wannan lokaci.

Saura hoto. Aka sake zura rigunan sanyi don mutanen Kano su shaida. Alhaji ya juya wa tafkin baya, Malam ya ɗauka. Aka sake, don tumbi ya fito. Aka sake, don hula ta karkace. A cikin minti ashirin da suka yi a wurin, wayar Malam ce ta fi kowa kallon ruwan. Alhaji ya zaɓi guda ya ɗora a sitatus, ya rubuta "Hutu, Alhamdulillah".

Kafin su kai mota saƙo uku sun shigo. Na farko daga wanda ke binsa kuɗin kaya, wanda aka gaya wa ranar Alhamis cewa kasuwa ta mutu: "Ranka ya daɗe, a sha iska lafiya, ina nan tafe Litinin." Na biyu daga wani ɗan'uwa, yana cewa tunda ana Jos a taho masa da acca. Na uku daga uwargida: "Ashe a cikin ruwa kawun ya rasu? Allah ya jiƙansa."

Lahadi suka kamo hanya, bayan motar ya kusa taɓa kwalta, Malam ya ɗora ƙafa a kan kabeji tun daga Jos har Na'ibawa. Litinin da safe ya aika wa shugaban makaranta cewa ciwon baya ya hana shi fitowa, Alhaji kuwa ya tarar da mai bin bashi zaune a kan benci a ƙofar shago, ya zo da buhunsa ko za a sammasa dankali.