Kafin Gara Ta Riga Ka: Jagoran Mai Farautar Tsofaffin Takardu

Akwai sana'ar da ake shiga don a samu kuɗi, akwai wadda ake shiga don a rabu da su cikin mutunci. Tara tsofaffin takardu tana layi na biyu. A Ingila da Amurka har gwanjo ake yi a kan tsohon tikitin jirgin ƙasa, a sa safar hannu kafin a taɓa shi. Mu nan ƙasar Kazaure, in aka ga ƙato da gemunsa ya durƙusa gaban adakar kakarsa yana shinshinar rasit, addu'a ake fara yi masa. Shekarata bakwai a harkar, na cika akwati biyu, ban sayar da ko ɗaya ba, kuma ba wanda ya taɓa tayawa. Ka ga ke nan na isa in ba da shawara.

Da farko, ka san abokan takararka

Kada ka ɗauka kai kaɗai ne mai sha'awar tarihi a gidanku. Gara ta riga ka, kuma ta fi ka himma: ba ta hutun Juma'a, ba ta neman izinin kowa, duk takardar da ta karanta ba ta bar wa na baya. Ɓera na biye da ita, shi ɗakin haihuwa yake shimfiɗa wa iyalinsa da wasiƙun kakanka. Sai damina, wadda ta san daidai inda azara ke yoyo, kuma nan aka ajiye akwatin. Na huɗu mai ƙosai da mai tsire, waɗanda suka naɗe rabin tarihin Arewa suka miƙa wa jama'a da yaji a kai. Akwai na biyar, wanda ya fi su duka rashin imani, amma sai mun je can.

Na biyu, inda ake farauta

Takarda mai daraja ba ta zama a fili. Ka duba adakar da ke ƙarƙashin gado mai rumfa, da gwangwanin sigarin da murfinsa ya yi tsatsa, da tsakanin shafukan littattafan da ke cikin gafakar marigayi, da aljihun tsohuwar rigar saƙi da ba a sake sawa ba tun hawan sallar da ba wanda ya tuna.

Sai dai kowace adaka tana da mai gadi, kuma yawanci tsohuwa ce. Kada ka kuskura ka ce mata ka zo binciken tarihi. Ka tafi da goro, fari ƙwal, ka zauna a tabarma, ka ci abin da aka ba ka, ka saurari labarin ciwon ƙafa daga farko har ƙarshe. Ni sai a zuwa na uku na yi ƙarfin halin buɗe baki.

"Hajiya, wai ina mabuɗin adakar nan ta Malam?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai dai an yi ragon miji. Mazan kirki suna kawo wa matansu atamfa, kai ka zo kwasar tsummokara. Ko an ce maka kuɗi ya bari a ciki?"

In aka fara yi maka irin wannan tsiya ta kaka da jika, ka gode wa Allah, mabuɗi ya kusa fitowa daga bakin zane.

Na uku, ka san abin da ka kama

Sarkin takardu a wannan yanki takardar haraji ce. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai tafin hannu ba, amma a zamaninta ta fi katin ɗan ƙasa ƙarfi. Magidanci ba ya shiga kasuwa ko ya tafi cin rani ba tare da ita ba, don ɗan doka na iya tare shi ya ce a gani. Mai unguwa ya tara, ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya zuba a baitulmalin En'e. Ƙanwarta takardar jangali, wadda ta koya wa makiyaya lissafin ragewa tun kafin a kai musu makaranta. Gwamna Abubakar Rimi ya soke su biyun a 1979, lokacin muna cikin Jihar Kano. Abin da ya rage shi ke nan, kai da gara.

Ga wani sirri da za ka burge mutane da shi a majalisa. Ka duba sunan En'en da ke saman takardar. Ta Kazaure da Roni da Gwiwa za ka ga En'en Kazaure, masarautar da Ɗantunku ya kafa, mai baitulmalinta na kanta. Ta Babura kuwa En'en Kano za ka gani, don a lokacin gundumar Kano ce, sai bayan an ƙirƙiro Jigawa ta koma masarautar Ringim. In ka jera takardun gida ɗaya za ka ga ikon Allah: Lardin Kano, sai Jihar Kano daga 1967, sai Jihar Jigawa daga 27 ga Agusta 1991. Gida ya yi ƙaura sau biyu, ko tukunya ba a ɗaga ba. A wajen Babura kuma, kusa da iyaka, kada ka yi mamaki in ka ci karo da takarda mai rubutun Faransanci, ta kawun da ya yi fatauci Magarya ko Damagaram.

Bayan haraji, ka sa ido a kan waɗannan. Ko da yagaggen shafi ne na Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa daga Zariya a Janairun 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita. Ko Sodangi, jaridar Lardin Kano ta zamanin yaƙi da jahilci, wadda samunta yanzu sai mai tsananin rabo. Takardar shaidar gama ajin yaƙi da jahilcin kanta. Ambulan mai kan sarki, wanda daga 1953 kan sarauniya ne a jiki, amma Bahaushe bai ga dalilin sauya masa suna ba. Wasiƙar ajami da ɗan cin rani ya aiko, wadda gaisuwa ta cinye kashi tara cikin goma, saƙon kuma layi ɗaya ne a ƙasa: a sayar da tunkiya. Da takardar awon gyaɗa, ta zamanin da buhunan ƙauyukanmu ke tafiya su zama dala a Kano.

Na huɗu, ka koyi ajiyar zuciya

Takarda ba ta cika tsohuwa ba sai an yi mata "Allah sarki." Ka riƙe ta da yatsa biyu, ka karkata kai, ka dubi nesa, ka ce, "Lokacin duniya na kwance." Sannan ka haddace lissafin kuɗin da: anini 10 kwabo, kwabo 3 taro, kwabo 6 sisi, kwabo 12 sule, sule 20 fam. Da naira ta zo ranar 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu. Da wannan za ka iya kashe kowace hira. Ka faɗi abin da sule ke saye a da, ka yi shiru, jama'a su yi ta salati. Kada dai ka bari wani ya tambaye ka kwana nawa ake yi kafin a samu sulen. In ya tambaya, ka ce lokacin salla ya yi.

Babban gargaɗi: kada ka yi wannan ajiyar zuciyar a gaban wanda ya ga zamanin da idonsa. Ni na yi. Na zaro takardar harajin kakana ta 1958 daga gwangwani, gara ta cinye gurbin adadin kuɗin amma ta bar shekarar da sunansa. Na karkata kai, na ce, "Allah sarki, zamanin albarka."

Hajiya ta karɓa ta kai ta kusa da ido, duk da ba ta karatun boko. Ta gane ta da wani ɗigon manja a gefe.

"Wannan ai akuyata ce," in ji ta.

Na ce wace akuya?

"Ja, mai farin goshi, wadda aka ba ni ta biki. Shekarar gyaɗa ba ta yi ba. Mai unguwa ya zo sau uku. Na huɗun da ɗan doka ya zo, kuma mun ga yadda aka shanya wani maƙwabcinmu a rana a ƙofar dagaci. Kakanka bai ce min komai ba, ya dai zauna a zaure ya ƙi cin tuwo. Da asuba na kwance ta da hannuna na miƙa masa igiya. Da ciki ma take. Ya dawo da wannan 'yar takardar. To, kai ne za ka gaya min albarka?"

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ba a faɗa mana cewa wanda ya fi kowa kewar bara shi ne wanda ba a haife shi ba a lokacin.

Na biyar, takardun da ake mayarwa a rufe

Ba duk abin da ka tono ake kai wa majalisa ba. In ka ga takarda an naɗe ta ƙunshi-ƙunshi an ɗaure da zare, laya ce, mayar da ita ka yi bisimilla. In ka ga takardar jinginar gona, ka tuna allura na tono garma: kafin la'asar baffanninka sun daina gaisawa, kafin mako kana gaban alƙali a matsayin shaida. Katin jam'iyya ma a yi hattara. Mun tashi ana ba mu labarin wani dattijo a danginmu, ɗan Sawaba na gani kashe ni tun kafa NEPU a 1950. A aljihun rigarsa na dama na sami kati mai tauraro. A na hagu na sami na NPC mai fartanya. Na fahimci bawan Allah: ɗaya na zuciya ne, ɗaya na ranar da za a bi ta ƙofar hakimi. Na mayar da su yadda na same su.

Na shida, adanawa

Nan kam ba wasa. Kada ka kai tsohuwar takarda a liƙe ta cikin leda da na'ura mai zafi, don in ta shiga ba ta fitowa. Kada ka yi mata ɗori da salatif, yana rinewa ya ci rubutu. Kada ka yi rubutu a kanta da biro. Ka sa kowace a cikin farar takarda, ka ɗaga akwatin daga ƙasa, ka raba shi da bango, ka zuba busasshen ganyen darbejiya a gindinsa. In ajami ne, ka nemi dattijon da zai karanta maka tun yana da ido, ka rubuta abin da ya ce da fensir a wata takarda daban. In ka ci karo da abin da ya fi ƙarfin gidanku, akwai Gidan Ɗan Hausa a Kano, akwai Arewa House da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna. Ka kuma tausaya wa jikokinka: rasit ɗin POS kafin ya shekara ya koma fari fat, alat kuma yana tafiya tare da wayar ranar da aka sace ta. In kana so su samu abin yi wa "Allah sarki," ka rubuta wa wani wasiƙa da hannunka. Fiye da komai, ka ɗauki hoton kowace takarda ranar da ka same ta. Yanzu za ka ji dalili.

Na ƙarshe, ciniki

Hajiya ta ƙi ba ni takardar harajin kyauta. Ta ce kuɗinta akuya, ja, mai farin goshi, kuma mai ciki. Na zaga kasuwa uku kafin na samu. Gidanmu dai ya biya harajin 1958 sau biyu.

Bayan damina na shimfiɗa tabarma a inuwa, na jera takarduna su sha iska, na ɗora wa kowace ɗan dutse. Aka yi sallama a zaure, na fita minti biyu. Da na dawo na tarar da abokin takara na biyar tsaye a kan tabarmar, tana tauna a hankali, tana kallona. Ta tsallake jarida, ta tsallake wasiƙu, ta zaɓi guda ɗaya.

Na yi salati. Hajiya ta leƙo daga ɗaki, ta ga saura ɗan gefen nan mai ɗigon manja a bakin akuya, ta koma ta zauna.

"Ƙyale ta," in ji ta. "Bashi ta zo karɓa."