Zuwa ga Hajiya FIFA, Mai 'Ya Ɗaya Manema Dubu

Ranki ya daɗe,

Da fatan sanyin Zurik, mazauninki, bai taɓa miki gwiwoyi ba. Bayan haka, kullum rantsuwarki ita ce ba ruwan ƙwallo da siyasa, wai duk wanda kika aurar wa gasar cin kofin duniya, filayensa da masaukansa kawai kika duba. Mun ji, Hajiya, amma lissafin ya ƙi fita.

Ranar 2 ga Disamban 2010 kika ba Katar gasar 2022, ta kayar da Amurka da ƙuri'a 14 da 8, alhali masu bincikenki da kansu sun yi kashedi kan zafin ƙasar. Kwanaki kaɗan kafin nan Shugaba Sarkozy na Faransa ya gayyaci Michel Platini, ɗaya daga cikin masu zaɓen, cin abinci a fadarsa, sai ga yariman Katar a zaune. Platini ya ce ba wanda ya umarce shi, mu ma ba mu da hujjar ƙaryata shi. Sai dai Katar ya zaɓa, shekara na zagayowa kuma Katarawa suka sayi PSG, ƙungiyar ƙwallon Faransa. Lallai tuwon nan ya yi albarka. A 2018, da Maroko ta nemi gasar 2026 tana gogayya da Amurka da Kanada da Meziko, Shugaba Donald Trump na Amurka ko kara bai yi ba, ya hau Twitter yana tambayar dalilin da Amurka za ta ci gaba da tallafa wa ƙasashen da ba sa bayanta. Aka tashi 134 da 65, Maroko ta sha kaye, har Saudiyya ta juya wa 'yar'uwarta Balarabiya baya.

Na san za ki ce Amurka da Kanada da Meziko sun fi Maroko filaye, kuma gaskiya ne. Za ki ƙara da cewa yanzu ƙasashe sama da 200 ke zaɓe a fili, ba dattawa 22 a ƙuryar ɗaki ba. To ai nan gizo ke saƙa, don ƙuri'ar fili ce ke nuna wa mai bin bashi wanda ya saɓa masa. Ballantana gasar 2034, inda ko ƙuri'ar ma ba a ƙirga ba. Kika raba ta 2030 ga nahiyoyi uku, dokar karɓa-karɓa ta rage Asiya da yankin Ostareliya kaɗai, kika ba manema kwana 25, Ostareliya ta janye, aka amince da Saudiyya da tafi. Ko a ƙauye, in an sallami manema saura ɗaya, ba a cewa yarinya ce ta zaɓa.

Ba mu ce ki hana Larabawa ba, don gasar Katar ta yi armashi. Roƙonmu ɗaya ne: in za ki sake aurar da 'yar nan, ki faɗi sadakin a gaban shaidu, ki bar rantsuwar haka.

Naki mai biyayya,
Wani ɗan gidan kallon ƙwallo