Zuwa Ga Malam Danshi, Mazaunin Bangon Ɗakina

Malam Danshi,

Bayan gaisuwa, wadda al'ada ce kawai ta sa na yi maka ita, na rubuto in shaida maka zaman nan ya isa haka. An ce baƙo raɓa ne. Kai kuwa damina 3 ke nan da ka sauka a gindin bangon gabas, ba sallama, ba kuɗin haya, kuma duk Agusta, da marka ta kama, sai ka ƙara hawa kamar mai neman sarauta. Bana ka kawo mini ƙugu.

Ka kuma san na yi maka hidima. Shekarar farko na sayo fenti mai mai na lulluɓe ka. Ba a yi wata ba ya tashi kamar bororon ƙuna, na sa farce na fasa, sai ga farin gari kamar kanwa yana zuba. Shekara ta biyu na manna tayil, ka bi ta bayansa ka leƙo ta sama, har da zana mini taswira. Ranar da uwargida ta janye akwatinta ta tarar funfuna ta cinye mata atamfa biyu na lefe, ni aka yi wa shari'a. Kai ko kallon banza ba a yi maka ba.

To, asirinka ya tonu. Na kawo wani dattijon magini, ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ya ji yana amsawa kamar ƙwarya, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, ai kai ka rufe shi a ciki." Ashe daga ƙasa kake hawowa, yadda kananzir ke bin lagwani, ɗauke da gishirin ƙasa, wanda shi ne garin nan da ke ture fenti. Bangon na laka ne, ni kuma da gwaninta na shafe shi da siminti, na toshe maka hanyar fita. Kakanninmu ba su yi wannan wautar ba. Makuba suke shafawa, ta ɓawon ɗorawa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin karofi da gashin majema da dafara, kuma kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an bi gida da yaɓe. Mu muka ga abin ƙauyanci ne.

Ya kuma nuna mini 'yan kanzaginka: indararon da ya karye yana tsiyaya a gindin bango, da kwatar da ledar fiya wata ta toshe. Ni da nake ta zargin sama, ashe maciyin amanar yana ƙofar gida.

Saboda haka ga sanarwa. An sauya indararo, an yashe kwata, an yi wa gindin bango gangare yadda ruwa zai kama gabansa. Jibi za a sassaƙe simintin har sama da inda ka kai, a bar bangon tsirara. Baƙi su gani, ban damu ba. Ba fenti, ba yaɓe, sai iskar hunturu ta gama da kai a Disamba da Janairu.

Kada ka ce in nuna maka wani masauki, ni ba mai haɗa husuma ba ne. Na dai ga an sauke wa maƙwabcina bokitin fenti mai mai guda huɗu jiya da la'asar.

Naka, ba da son rai ba,
Mai gidan