Infinix, Turo Min Babanka

Da korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, hukumar makarantarmu, wata sakandare ta kuɗi a Kano, ta ce mu koma Zoom. Na kyauta aka ba mu, mai yankewa bayan minti 40. Goman farko kuma "Malam, ba ma ji" ke cinyewa. Bidiyo na shan data kamar raƙumi a bakin rijiya, don haka na kafa doka: kowa ya rufe kyamara, ya kashe murya, mai magana ya rubuta a akwatin hira.

Abin ya yi kyau, ba laifi. Yaran da shekara guda ban ji muryarsu a aji ba sai ga su suna zuba tambaya. Matsalar ɗaya ce: wanda bai sa sunansa ba, sunan wayarsa ke fitowa. Ajina ya zama Tecno huɗu, itel biyu, da wani Infinix da bai taɓa makara ba.

Ana cikin azumi, gari a kulle, muka zo darasin riba da faɗuwa. Na rubuta: ɗan kasuwa ya sayi turmin atamfa naira 5,000, ya sayar 6,000, ribarsa kashi nawa cikin ɗari? Tecno uku suka ce 20. Na huɗun ya turo hoton dariya, sana'arsa ke nan.

Infinix ya ce, "Bai ci riba ba."

Na ce ya sake dubawa.

"Kuɗin dako fa? Hayar shago? La'adar dillali? Kuma in bashi ya bayar, sai bayan Sallah zai ga kuɗinsa."

Ga ƙishirwa, ga agogon Zoom na tafiya, ga yaro yana koya min kasuwa. Na zauna na rubuta masa, a bainar aji, cewa iyayi ba ilimi ba ne, kuma jarrabawar WAEC ba ta san dillali ba. Na ƙare da, "Ka turo min babanka."

Akwatin ya yi tsit. Can sai ga amsa: "Ni ne baban, Malam."

Ashe tun da aka rufe Kantin Kwari Alhaji ya rasa abin yi, ya karɓe wayarsa daga hannun yaron, shi yake zuwa aji. Ɗalibina yana barci. Na fara rubuta "Ranka ya daɗe, Alhaji," ban kai ga waƙafi ba minti 40 ya cika, Zoom ya watsa mu.

Da muka sake shiga, na ce duk wanda ya haura shekara ashirin ya ɗaga hannu, don akwai maɓallin hakan. Hannu uku suka tashi, har da Tecno mai hoton dariya. Hajiya ce, kuma ta ce aikin gidan makon jiya da na ba ta huɗu bisa goma, tana son bayani.