A Ɓoye Miyar Kuka, Mun Yi Baƙi

Akwai wata doka a Birnin Gwari da ba daga fada ta fito ba, kansiloli ma ba su taɓa zama a kanta ba, amma babu dokar da ta kai ta samun biyayya: baƙo ba ya ganin tukunyar masu gida. Da zarar yaro ya rugo ya ce ana sallama da Baba, wai daga Kaduna, sai cikin gida ya hautsine. Miyar kukar da ke ɓararraka tun la'asar a sauke ta, a tura bayan turmi, a kifa mata faifai. A aiki yaro shago da gudu: taliya biyu, man gyaɗa kwalba guda, tumatirin leda, magi, kuma a ce wa mai shago ya rubuta. Zakaran da ya shekara yana tashin unguwa da asuba, ranar ya yi cararsa ta ƙarshe.

Shi kuwa baƙon, bawan Allah, tun daga Buruku yake haɗiyar yawu yana ƙissima tuwon dawa da miya mai daddawa, don a Kaduna likita ya raba shi da maiƙo. Sai ga tire an dire masa, taliya ta yi jajir, mai na ninƙaya a kanta. Ya ci don kunya, su ma sun dafa don kunya. Yana hawa mota a jawo miyar kuka daga maɓoyarta, kowa ya ci ya suɗe hannu, sannan a shiga lissafin bashin mai shago.

Abin da muke ɓoyewa ɗin nan fa ba ƙaramar dukiya ba ce. Ba sai mutum ya kutsa gandun Kamuku ya jawo wa kansa rigima da ma'aikatan gandu ba, wurin da aka killace tun 1936, gwamnatin tarayya ta mai da shi nata a 1999. A bakin gona kawai ga ɗorawa, ga kaɗanya, ga tsamiya, ga ɗinya da kanya. Ruwa na sauka tafasa da lalo su fito ba wanda ya shuka su, rama da yakuwa su cika bayan gida, zogale kuwa shinge ake yi da shi. Allah Ya shimfiɗa mana kasuwar da ba a tayi, mu kuma muka ce ba ma so, tunda ba a ba da leda.

Ɗauki daddawa. Tsohuwa za ta wuni tana dafa kalwa, ta surfa, ta wanke, ta sake dafawa, ta lulluɓe ta kwana biyu ko uku har ta yi, sannan ta daka ta mulmula ta shanya. Abin da ya fito yana gina jiki, yana ba miya ɗanɗano, kakanninmu da shi suka yi noman hannu har tsufa. Amma amaryar zamani tana shiga gida, abu na farko da take kora daga kicin kenan. "Ni fa, Inna, warin nan juya min ciki yake yi." Inna ta yi shiru don kara, ta kwashe 'yar daddawarta ta kai ɗaki ta ajiye a ƙarƙashin gado, kusa da kuɗin adashi.

Wanda ya gaji sarautar kuwa ɗan dunƙule ne. Kamfanin wani mutumin Suwizalan, Julius Maggi, ya fara fitar da shi a 1908, kuma na tabbata har ya bar duniya bai taɓa kawo wa ransa za a wayi gari mace guda ta ɓare goma a tukunya guda ba. Wannan fa kafin a zo kan farin magi, kafin gishiri, kafin wani jan gari da ke cikin leda wanda ko mai sayar da shi bai san me aka haɗa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babban mutum zai ci a wuni kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye a cikin dunƙule. A gidajenmu wannan adadin na ɗanɗanawa ne, wanda uwargida ke lasa a tafin hannu ta ce bai ji ba.

Kada dai mata su ce na sa su a gaba. Yawancin ɓarnar tana da rawani, ko aƙalla hula.

Maigida mutum ne mai riƙon al'ada. An cire tallafin mai a watan Mayun 2023, komai ya yi tashin gwauron zabo, amma kuɗin cefanensa na nan inda yake tun amarci. In uwargida ta yi magana sai ya zama likita nan take.

"Malam, yau ma fa babu nama."

"Ai ganye ya fi, ba ki ji a rediyo ba? Jan nama shi ke kawo ciwon gaɓoɓi. Ki yi wa yara kwaɗon rama."

Ya saɓa riga ya fita bayan isha'i. Sha ɗayan dare ya dawo da tsinken sakace a baki, leɓe na ƙyalli.

"Malam, ƙanshin me nake ji haka?"

"Ta gaban mai tsire na bi, hayaƙi ya kama min riga."

Hayaƙin nan mai ladabi ne, har yajin ƙuli ya bar masa a gemu. Ta haka aka raba gadon lafiya a gida: mata da yara su ɗauki ganye, maigida ya sadaukar da kansa ya tare musu ciwon gaɓoɓi shi kaɗai a wurin mai balangu.

Daga nan sai teburin mai shayi, majalisar ɗinkin duniyar unguwa, inda ake warware rikicin Gabas ta Tsakiya da na siyasar Kaduna kafin ruwa ya tafasa. Hukumar Lafiya ta Duniyar nan dai ta ba da shawara a 2015 cewa zai fi kyau sukarin wuni ya tsaya wajen ƙaramin cokali shida. Mai shayinmu ya yarda da wannan ƙwarai, sai dai shi a kofi ɗaya yake kammala shi, sannan ya ɗago kai ya ce, "Yallaɓai, a ƙara?" Haɗin kauri ake kira, wanda cokali ke tsayawa a ciki ba a riƙe ba. Ran da matasan haƙar zinare suka dace kuwa, sai ka tausaya wa kaji. Yaron da jiya ya kwana da rogo da ƙuli, yau indomi uku, ƙwai shida, kifin gwangwani, lemo mai sanyi biyu. In ka ce masa ya bi a hankali, ya dube ka sheƙeƙe ya ce, "Baba, ramin da na fito ka san zurfinsa?" Gaskiya ban da amsar wannan.

Washegari ranar kasuwa duk a taru gindin motar mai lasifika ana sayen maganin zaƙi da na maiƙo da na dattin ciki, jarka guda tana maganin cuta arba'in har da baƙin jini. Da daddare mu zuba, da safe mu wanke. Kowa ya samu na cefane.

Shekarun da daji ya gagari shiga sun so su koya mana wani abu. Ba na wasa da waɗannan shekarun, don babu gidan da ba su taɓa ba. Manomi sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shuka, ya biya kafin ya girbe. Zuwa Kaduna sai da rakiyar sojoji, ko a zagaya ta Funtuwa da Zariya. Matan da suka saba sammakon tsintar kaɗanya suka zauna a gida. A lokacin ne aka ga manyan hajiyoyi na tambayar inda ake samun daddawa mai kyau, tafasa da rama suka riƙe gidajen da da can ba a ambaton sunansu. Sai ga shi a watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya zo garin, aka yi zaman sulhu, aka buɗe kasuwar kara da ta daɗe a rufe, motoci suka dawo hanya. Muka yi hamdala, muka juya wa tafasa baya, ko ban gajiya ba mu yi mata ba. Haka muka yi wa shinkafar gida. Ko da aka rufe iyakoki a 2019, buhun 'yar waje muke nema mu zuba ta gida a ciki, don maƙwabta su ga buhun a jingine.

Ƙiba kuma a wurinmu shaidar biyan haraji ce. In teɓa ta fito, an ce hutu ya zauna. In mutum ya rage ciki da gangan, kafin sati labari ya kai Kuyello da Randagi: wasu su ce karayar arziki ce, wasu su ce amarya ce ba ta iya girki ba, wata goggo ta rantse sammu ne, ta ma san wanda ya yi. Alhajin da aka umarta ya riƙa tattaki kullum ya fi kowa shiga uku. Bai yi taku ashirin ba ɗan acaɓa ya ci birki: "Subhanallahi, Alhaji, ina motar? Hau in kai ka, ba sai ka biya ba." Ya ce motsa jiki yake yi. Yaron ya girgiza kai ya wuce, ya je ya ba da labari cewa an sayar da motar. Ya koma fita kafin asuba, 'yan sintiri suka haske shi da tocila suna tambayar daga ina zuwa ina. Yanzu a tsakar gida yake zagaye, matansa na leƙe ta labule.

To amma bari likita ya ɗaura masa abin awo a dantse, ya karanta lamba, ya cire tabarau ya yi shiru. Ranar nan zogale ke samun sarauta. Alhajin da ko a mafarki bai ci kwaɗo ba zai koma mai wa'azin ganye a majalisa, yana kawo hujja daga saƙon WhatsApp da wani ya turo daga wani. Sai dai fa ba zogalen shingensa ba, wannan na akuya ne. Nasa daga Kaduna ake aiko shi, an niƙa an ɗura a roba mai murfi, da rubutun Turanci da hoton wata Baturiya tana murmushi, a kan kuɗin da zai sayi buhun ɗanye. Tarayyar Turai ta amince a sayar da garin 'ya'yan kuka a ƙasashenta tun 2008, can ana auna shi da cokali, nan yara na jifan juna da kwalba-da-nono a gindin bishiya. Kaɗanya ma haka. Ta yi daraja a kasuwar duniya har gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyenta na wata shida a Agustan 2025, don a riƙa sarrafa ta a gida. Hajiya na kiran man kaɗe man 'yan ƙauye, amma in ya je Faransa ya yi wanka da turare ya dawo a 'yar kwalba, shi take kulle wa a durowa.

Sai kuma sabon yayi na 'yan waya, wai a riƙa kwantar da hankali, a kori damuwa, a yi murmushi. Ka ga yaro ya kalli bidiyon wani mutumin Amurka ya zo yana koya wa kakarsa yadda ake kyautata zato. Kakar da ta yi gudun hijira daga ƙauye da ɗan ƙullin kaya a ka, ta binne na binnewa, kuma in ka gaishe ta ta ce maka lafiya lau, sai godiya! A wannan fanni mu ya kamata a zo a ɗauka haya. Mun ƙware har abin ya yi yawa. Je ka asibiti ka ji:

"Baba, yaya jikin?"

"Da sauƙi, likita."

"Ina ke maka ciwo?"

"Babu komai, alhamdu lillahi."

"To me ya kawo ka?"

"Yaran nan ne suka ɗauko ni, wai na faɗi."

Wannan tawakkalin shi ya fitar da mu daga baƙaƙen shekaru da hankalinmu, ba na raina shi. Amma shi ɗin dai muke jawowa mu lulluɓe cokali na bakwai. Ka ce wa mutum sukari ya yi yawa, ya ce wanda bai sha ba ma zai mutu. Ka ce masa rigakafi ya fi magani, ya ce ai kwana ba ya ƙarewa sai ya ƙare. Mutumin da ke faɗin haka kuwa shi ne wanda ba ya kwana sai ya sa wa babur ɗinsa kwaɗo biyu da sarƙa.

In ciwon suga ya kwantar da shi, sai 'yan dubiya su zo su ƙarasa aikin. Ba mai shiga da hannu biyu, kuma ba mai zubar da girmansa ya riƙo ƙwaryar dafaffen zogale. Katan na lemo, gwangwanayen madara, biredi mai sukari, farfesun kayan ciki da mai ya kwanta a kai. Ƙanwarsa ta ɓalle murfi ta miƙa: "Daure ka sha, Yaya, ka ji ƙarfin jikinka, ɗan kaɗan ba ya komai." Amininsa ya ce haka, maƙwabci ya ce haka, ɗan kaɗan ɗan kaɗan har katan ya yi rabi. Likita ya shigo zagayen yamma ya tarar da kwalba a bakin majinyaci.

"Haba Alhaji! Me muka yi da kai da safe?"

Alhaji ya sauke kwalbar a hankali, ya goge baki da hannun riga.

"Likita, wallahi ba don raina na so ba. Surukina ne ya kawo, yana zaune yana kallona. Kai ma ɗan Hausa ne, ka ce in mayar masa?"