Zuwa Ga Taubashina Na Bodija: Madara Ba Ta Shiri Da Barkono

Oga mai garin alabo, ina gaisuwa, duk da kai ya kamata ka fara, tunda Bagobiri ne ke magana. Ku Yarbawa aka sani da kwanciya rub-da-ciki gaban manya, to kwanta ka saurara.

Labari ya iso mana unguwar Sabo ta Badun a bakin yaran da ke sauke buhunan wake a layinku. Sun ce ranar Lahadi ka kori uwargida daga madafa, ka naɗe hannun buba, ka ce yau kai za ka yi wa iyali abincin sarakunan Indiya da ka gani a Zee World. Sabon burodi ka sayo mai zafi, ka jefa shi cikin man da aka soya kifi, ka fasa gwangwanin madara ka kwarara a kai. Da ka ɗanɗana ka ji babu abin da ya ƙona maka harshe, sai ka ce akwai saura, ka barbaɗa barkono. An ce akuyar maƙwabta ta sansana ta yi gaba. Yaran nan ba sa ƙarya, sai dai ɗan ƙari, kuma ko an cire zancen akuya abin da ya rage ya isa a kai ka gaban Sarkin Hausawa.

Abin da ka yi wa wannan cin mutunci sunansa shahi tukda. Haka ake kiransa a Delhi da Laknau da Lahor, kuma ana jingina shi da madafar sarakunan Mogul, gidan sarautar da Babur ya kafa a 1526. A Haidarabad, garin Nizam, suna da ɗan'uwansa, double ka meetha, wanda da wuya a watse daga walimar aure ba a ci shi ba. Bambancinsu kaɗan ne. Na Haidarabad ana barin burodin ya sha madara da ruwan sukari har ya yi luguf, na Delhi kuwa ana so ya riƙe ɗan ƙarfinsa a ƙarƙashin madara mai kauri. Je ka lungunan da ke gaban babban masallacin Delhi, wanda Shah Jahan ya gina aka gama a 1656, a watan azumi bayan an sha ruwa, ka ga yadda ake yanko shi daga manyan faranti ana miƙa wa jama'a. Abincin buɗa-baki ne da Sallah da biki. Duk faɗin ƙasar nan tasu, da son yajin da suke da shi, wanda bai gaza naku ba, babu wanda ya taɓa tunanin sa masa barkono sai da aka haife ka.

Kuma ka daina yi mana burga da Indiya. Tasharka ta Zee World a 2015 ta fara, jiya-jiyan nan. Mu tun shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima suke kawo mana finafinan Indiya a Kano da sauran biranen Arewa, kakanninmu suka zubar da hawaye a kan Mother India na 1957, yau kuma jaruman Mumbai Hausa suke yi a wayoyin yaranmu. Idan akwai mai gadon girkin Indiya a Badun, a Sabo yake kwana.

Amma ba zan zalunce ka ba, rashin sanin madara ba kai ka jawo wa kanka ba. Ƙudan tsando ne. Kurmin nan naku ya daɗe yana kashe shanun Arewa da sammore, shi ya sa saniya ba ta zama ta yi zuri'a a wajenku kamar yadda take yi a Gobir. Tun da aka yanka mana Sabo a 1916 muke koro muku shanu muna ɗaukar goro, cinikin da ya sa mai binciken nan Abner Cohen ya zo ya zauna cikinmu har ya fitar da littafi a 1969. To saniyar da ta iso Badun ba tatsa ta zo yi ba, wuƙa ta zo sha. Kun san namanta, kun san ganda, kun san kayan ciki har da sunan kowane lungu. Nononta kuwa sai idan Bafulatana ta daskarar da shi da ruwan tumfafiya ya zama wara, shi ma ɗin ba ku yarda da shi sai kun soya kun jefa cikin miyar tattasai. Mutumin da ya taso a haka, idan ya ga madara a tukunya dole hannunsa ya nufi barkono.

Saboda haka buɗe kunne, daga madara ake farawa, kuma ita ce rabin aikin. Indiyawa suna kiran wannan madara mai kauri rabri. A can da yawa da nonon ɓauna suke yi, wanda maiƙonsa ya kusa ninka na saniya. Kai ba ka da ɓauna, kuma kada ka je gidan namun dajin jami'a nema. Ka samo sabuwar madarar shanu lita ɗaya, wadda ba ta kwana ba, daga Fulanin da ke wajen Isehin da Fashola, ka tace. Ban ce kindirmo ba, ban ce tsala ba, don duk abin da ya yi tsami da ya ji wuta zai tsinke. In ba ta samu ba, ka dama madarar gari mai cikakken maiƙo. Nan ma ka lura, mafi arhar da ake aunawa a leda a kasuwarku an cire mata man shanunta an mayar mata da man itatuwa, galibi na kwakwar manja. Ka ga ikon Allah, ko cikin madara manja bai bar ku ba.

Ka zuba ta a tukunya mai faɗin baki da kaurin gindi. Faɗin ne ke sa ruwa ya fita da wuri, kaurin ne ke hana kamu. Idan ta tafasa sau ɗaya ka rage wuta ƙasa-ƙasa, ka ja kujera ka zauna. A nan na san za ka faɗi jarrabawa, don ban taɓa ganin ka zauna wuri ɗaya ba tare da ka yi wa wani ihu ba. Yana za ta riƙa taruwa a sama. Kada ka zubar, kada ka dame ta. Ka tura ta gefe da cokali ka manna a jikin tukunya, wata ta taru ka sake turawa, kana kai cokalin ƙasa lokaci-lokaci don kada gindin ya kama. Haka za ka yi ta yi, kusan awa guda, har lita ta koma sulusi, launinta ya tashi daga fari ya nufi ruwan ƙwai. Sai ka kankaro yanar nan da ka tara ka mayar ciki, ka sa sukari cokali uku ko huɗu, da dakakken kadamon, wannan ɗan ƙwaya mai ƙamshi da Larabawa ke sa wa gahawa. Yanar ce ke ba rabri ɗan gudaji-gudajin da harshe ke nema. Kowace 'yar Sabo da ta taɓa yin gullisuwa ta san wannan aiki da ido rufe, don rabri gullisuwa ce da aka sauke a rabin hanya. Madarar da ta kama kuwa ba ta da magani, ƙaurin ya shiga ke nan, ko ka kira duk 'yan ƙungiyarku ta masu alabo su yi zama a kai.

Za ka ji ana cewa sai da za'afaran. Gaskiya ne yana ƙara launi da ƙamshi, sili biyar ko shida a jiƙa a madara mai ɗumi sun isa. Amma kilo ɗaya sai an tsinke fure kusan 150,000 da hannu, yawancinsa daga Iran, kaɗan daga Kashmir, shi ya sa ya fi kowane kayan ƙamshi tsada a duniya. Na san halinka, da ka ji kuɗin za ka ce a miƙo kurkum, ai duk rawaya ne. Kada ka soma. Gara a bar shi fari da a mayar da shi miyar kori.

Sai burodi. Wanda ka sayo da zafinsa shi ya fara kashe ka. Sabon burodi cike yake da laima, yana shiga mai ya zuƙe shi, yana shiga madara ya narke ya zama kunu. Na jiya ake nema, ko na shekaranjiya, wanda ya bushe ya tsaya da ƙafarsa. Yanka shida, kowanne kaurin yatsa, ka yanke ɓawon gefe, ka raba kowanne biyu daga kusurwa zuwa kusurwa. In ma da sauran taushi, shanya shi a faranti ya sha iska. Abin dariyar shi ne abincin da ake jingina wa sarakuna ba ya yiwuwa sai da kwantan burodi, wanda mai shayi ke ragewa kuɗi da safe. Misirawa ma suna da nasu, Ummu Ali, da ragowar gurasa da madara. Ko'ina mata sun gano cewa kwantai ba abin zubarwa ba ne idan akwai saniya a kusa.

Da man shanu ake suya. Abin da Indiyawa ke kira gi, suna ta yi masa kirari, shi ne soyayyen man shanun da kakata ke ajiyewa a kwalba. Sai dai ka kiyaye, na kasuwa yawanci an soya shi da albasa don tuwo, wannan ba zai yi ba. Sayi ɗanye, ka narkar a wuta kaɗan har kumfa ta kwanta ƙamshi ya tashi, ka tace. A ciki za ka soya burodin, wuta matsakaiciya, kana juyawa har ya yi ja ta kowane gefe, ya yi ƙaras. Ka tsame ya tsane.

Ruwan sukari ba shi da wuya, ko kai za ka iya. Kofin sukari ɗaya, kofin ruwa ɗaya, kadamon biyu, a tafasa har in ka ɗiga ya huce ka taɓa tsakanin yatsa biyu ka ji danƙo. Ɗigon lemun tsami biyu na hana shi komawa ƙanƙara. A cikin ruwan sukari na ce, ba cikin madara ba, in ba haka ba ka koma gidan jiya, ka yi wara. Ka tsoma kowane yanki yana da ɗumi, ka juya, ka cire nan take. Tsomawa ce, ba wanka ba. Ka jera a faranti, ka kwarara rabri a kai, ka bar kusurwoyi suna leƙowa. Su suna barbaɗa almon da fistashiyo, masu hali har da ganyen azurfa da aka buge ya yi siriri. Kai ga kashun Ogbomosho a ƙofar gida, wanda ’yan kasuwar Indiya da kansu ke zuwa saye buhu-buhu. Soya shi a ragowar man shanun, ka farfasa, ka watsa. Ana ci da ɗumi, amma ya fi daɗi idan ya yi sanyi, in an kawo wuta. In ba a kawo ba, ɗora farantin a bakin randa.

Na san amsar da kake shiryawa, don na ji ta a bakinka ba sau ɗaya ba. Za ka ce madara da man shanu ai na Fulani ne, mutanen da suka tashe mu daga Alƙalawa a 1808, to ina Bagobiri ina taƙama da nono? Na ji. Mu dai da aka tashe mu mun sake kafa gari a Tsibiri da Sabon Birni, muna nan da sarautarmu da zanenmu, wanda kuka gani kuka yi sha'awa kuka kwaikwaya bai fita daidai ba. Kai kuwa kafin ka buɗe baki, aika a tambayo maka Afonja yadda ta kaya tsakaninsa da Fulani a Ilori. Za ka ce ai mayaƙan Badun sun tare Fulanin Ilori a Oshogbo. Sun tare, ban musa ba. Ga sakamakon nan a tukunyarka, kun tare dawaki kun tare har da sanin madara.

Abu ɗaya zan bar maka, shi ma don kada a ce Bagobiri ba shi da adalci. Burodi naku ne. Tun zamanin Amos Shackleford, mutumin Jamaika da ya kafa gidan burodi a Ikko farkon ƙarnin da ya wuce, hannunku ya faɗa a kansa, kuma burodin Agege mai nauyi da danƙo, idan ya kwana, ya fi wannan na leda mai kama iska dacewa da shahi tukda nesa ba kusa ba. Ya fi shan madara ba tare da ya watse ba. Kun riƙe wannan dukiya shekara da shekaru ba ku san abin yi da ita ba sai cusa mata wake da manja a tasha.

Yanzu maganar bashi. Watan cika-ciki ya wuce ba ka kawo kuɗin shara ba, na bara ma ka ce kasuwa ba ta ci. Tun da aka buɗe kasuwar Bodija a 1987 ban taɓa jin ka ce ta ci ba, amma kullum hula sabuwa. Na yafe kuɗin, a biya da kaya: burodin Agege manya biyu na jiya, kashu mudu ɗaya, sukari kuma kada a auna da wannan gwangwanin naka da aka buga wa gindi. Ka shigo tasi Micra ta Mokola ranar Juma'a bayan an sauko, ka tsaya a bakin masallaci ka ce gidan ubangidanka kake nema, kowane yaro zai nuna maka. Madara da man shanu suna wuyana. Kai za ka riƙe cokali awa guda ba magana, kuma za a laluba aljihunka a zaure kafin ka shiga.